Ɗaukar Bidiyon Biki a Wajen Hausawan Abijan: Daga Titin Bromakoté zuwa Lambunan Bayan Gari

1.0 Gabatarwa

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Ma'ana, wanda yake son dangantaka ta ɗore, sai ya taka ya je. To amma yaya za a yi idan yarinya za ta yi aure a Abijan, babban birnin kasuwanci na ƙasar Kodebuwa, alhali kakarta tana wani ƙauye kusa da Tawa ko Maradi? Daga Abijan zuwa Yamai kaɗai, ta hanyar Burkina Faso, ya fi kilomita 1,500. Ba kowa ke da kuɗin mota ba, ba kowa ke da ƙarfin jiki ba. Wannan giɓi shi ne mai ɗaukar bidiyo yake cikewa. Abin da ya ɗauka shi ne rabon waɗanda ba su sami zuwa ba.

Wannan takarda za ta bayyana yadda ake ɗaukar bidiyon bikin aure a tsakanin Hausawa mazauna Abijan, musamman a unguwannin Adjamé da Treichville. Za a duba tarihin al'adar, da matakan bikin da ake ɗauka, da bambancin aiki a kan titin unguwa da aiki a lambun da ake haya a bayan gari. Daga nan sai a zo ga matsalolin da ke tattare da sana'ar, da kuma amfanin da ɗalibin harshe zai iya samu a irin waɗannan hotuna.

2.0 Hausawa a Abijan

Hausawa sun san ƙasashen kurmi tun kafin zuwan Turawa, ta dalilin fataucin goro. Amma taruwarsu a Abijan ta biyo bayan bunƙasar garin ne. Faransawa sun fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Abijan a shekarar 1904. Sunan hanyar Abijan-Nijar, ko da yake ba ta kai Nijar ba, ta tsaya a Wagadugu a 1954. An mayar da hedkwatar mulkin mallaka daga Bingerville zuwa Abijan a 1934, sannan aka buɗe mashigar ruwa ta Vridi a 1950, wadda ta ba manyan jiragen ruwa damar shigowa tafkin Ébrié. Daga nan gari ya cika da 'yan ci-rani masu neman aikin dako da ƙwadago da ƙaramin ciniki.

A zamanin mulkin mallaka Turawa sun zauna a unguwar Plateau, 'yan Afirka kuma suka zauna a gefe biyu: Adjamé daga arewa, Treichville daga kudu, a ƙetaren ruwa. An sa wa Treichville sunan wani Bafaranshe, Marcel Treich-Laplène, kuma an tsara titunanta a miƙe, kowane da lambarsa. Adjamé kuwa ta zama matattarar kasuwanni da tashoshin mota. Bromakoté ɗaya ce daga cikin unguwanninta, inda Hausawa ke zaune tare da Jula da sauran Musulmi baƙi da 'yan ƙasa. Ƙidayar jama'a ta 1998 ta nuna cewa kashi 26 cikin ɗari na mutanen Kodebuwa baƙi ne, ta 2021 kuma ta nuna kashi 22.

Akwai abin lura game da kalmar “Hausa” a bakin mutanen Abijan. Sukan kira kusan duk wanda ya fito daga Nijar da wannan suna, ko Bahaushe ne, ko Bazabarme, ko Ba'adare. Akwai ma wani abinci da ya shahara a garin mai suna garba, wato tsakin rogo da ake kira attiéké tare da soyayyen kifi. 'Yan Nijar ne suka yi fice wajen sayar da shi, kuma bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne daga sunan Garba aka samo sunan abincin.

3.0 Daga fim zuwa wayar salula

Kyamara ba baƙuwa ba ce ga 'yan Nijar na Treichville. A 1957 Jean Rouch, wani Bafaranshe mai nazarin al'adu, ya ɗauki rayuwar wasu samari 'yan ci-rani a unguwar, ya fitar da fim mai suna Moi, un noir a 1958. An ɗauki hoton ba tare da sauti ba, daga baya aka ɗora murya. Babban ɗan wasan, Oumarou Ganda, Bazabarme ne haifaffen Yamai wanda ya yi aikin soja a Indochina kafin ya zo dako a tashar jiragen ruwa. Da ya koma gida sai shi ma ya zama mai shirya fim. Fim ɗinsa Le Wazzou polygame, wanda labarin aure ne da kishi, shi ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1972.

Sai dai wannan aikin ƙwararru ne, mai tsada. Talaka a wancan lokaci iyakarsa hoton kati. Amarya da ango su je shagon mai hoto, a ɗauke su, a wanke, a ba matafiyi ya kai gida. Abin da ya canja lamarin shi ne kaset ɗin VHS, wanda kamfanin JVC na ƙasar Japan ya fito da shi a 1976. Da kyamarar kaset ta yi araha, sai ɗaukar biki da suna ta zama sana'a. A Kano ma ta wannan kyamara ce finafinan Hausa suka samu, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990.

Kaset yana da tasa matsalar. Ƙasashen da Faransa ta raina, har da Kodebuwa da Nijar, sun bi tsarin talabijin na SECAM. Nijeriya da Gana sun bi PAL, Amurka kuma NTSC. Kaset ɗin da aka naɗa bisa tsarin SECAM, idan aka sa shi a na'urar da PAL kaɗai ta sani, hoton yakan fito ba kala. A bikin da mata suka kashe kuɗi wajen anko, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Saboda haka mai bidiyon da ya san aikinsa yakan tambaya tun farko: ina da ina za a aika kaset ɗin?

Bayan kaset sai faifan VCD da DVD, waɗanda suka fi sauƙin kwafa da ɗauka. A shekarun rikicin Kodebuwa, daga tawayen Satumba 2002 zuwa rikicin zaɓe na 2010 da 2011, tafiya arewa ta yi wuya, baƙi da yawa kuma sun bar ƙasar. Iyali da dama sun rabu biyu, faifai ya zama mahaɗarsu. Yanzu kuwa waya ta karɓi aikin matafiyi. Kafin a watse daga wurin ɗaurin aure, guntun hotonsa ya isa Damagaram ta WhatsApp. Abin da ake kiyayewa kawai shi ne agogon Nijar da Nijeriya yana gaban na Abijan da awa ɗaya.

4.0 Matakan biki da abin da ake ɗauka

Bikin Hausa ba taron yini ɗaya ba ne. Matakai ne, kowane da mutanensa da ƙa'idarsa, kuma ba dukansu ne kyamara ke da izinin shiga ba.

Matakan farko, kamar gaisuwar iyaye da sa rana, na manya ne, ba a cika ɗaukarsu ba. Kai lefe kuwa ana ɗauka, domin a nan ne ake buɗe akwatuna, a ƙirga turamen atamfa da shadda da takalma a gaban dangin amarya. Sai kamu da sa lalle, waɗanda sha'anin mata ne zalla. A nan ne aka fi samun gardama kan shigar namiji mai kyamara. Wasu gidaje sukan yarda, wasu sukan ce sai dai mace ta ɗauka, wasu kuma su hana gaba ɗaya.

Ɗaurin aure shi ne zuciyar al'amari. Ana yin sa a masallaci ko a ƙofar gidan waliyyin amarya. Wakilin ango ya nemi aure, waliyyi ya bayar, a ambaci sadaki a gaban shaidu, liman ya yi addu'a, a shafa fatiha, a raba goro da alawa da dabino. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki shi ne rubu'in dinari. Duk wannan bai wuce 'yan mintuna ba, kuma ba a maimaita shi don mai kyamara. Idan ya makara, ko batir ya mutu masa a daidai lokacin siga, shi ke nan. A Abijan, Musulmi da yawa, musamman Jula, sun saba ɗaura aure ranar Alhamis, don haka a wannan rana masu bidiyo sukan yi wuyar samu.

Bayan ɗaurin aure sai walima da yinin biki, inda ake kiɗa da rawa da liƙi. Daga nan sai wankan amarya, da nasihar iyaye, da kai ta ɗakinta, da sayen baki. Kukan amarya a lokacin rabuwa da mahaifiyarta yana cikin abin da 'yan uwa na nesa suka fi son gani. Amma a ƙofar ɗaki aikin kyamara yake ƙarewa.

Akwai kuma mataki ɗaya da zaman Kodebuwa ya ƙaro. Dokar ƙasar ba ta san kowane aure ba sai wanda aka ɗaura a gaban jami'in gwamnati a ofishin magajin gari. Dokar 1964 ta hana auren mace fiye da ɗaya, ta kuma hana biyan dukiyar aure. Dokar 2019 ta janye hani kan dukiyar aure, ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure ga namiji da mace, amma ta bar ƙa'idar mace ɗaya. Saboda haka waɗanda suka haɗa aure na masallaci da na gwamnati, mai bidiyonsu yana da wuri biyu da zai halarta.

5.0 Biki a titi da biki a lambu

5.1 A titin unguwa

Gidajen haya na Adjamé da Treichville yawancinsu tsakar gida ɗaya ce da ɗakuna kewaye, kowane ɗaki da iyalinsa. Babu filin da zai ɗauki jama'ar biki. Don haka akan tare wani ɓangare na titi, a kafa rumfunan tamfol, a jera kujerun roba na haya, a ɗaura lasifika. Kowa na iya zuwa, domin biki a titi ba ya buƙatar katin gayyata.

Wahalar mai bidiyo a nan ita ce cunkoso. Yara suna shiga gaban kyamara, masu waya suna ɗaga hannu suna tare masa hoto. Tamfol mai launin shuɗi ko ja yakan rina fuskokin mutane da launinsa. Ƙarar lasifika takan danne kowace magana. Amma yana da sauƙi ta wani fanni: ya san unguwar, ya san mutanen, kuma in wani abu ya lalace masa, masu gyara da masu sayar da kayan lantarki na Adjamé suna kusa.

5.2 A lambun bayan gari

Masu hali daga cikin mazauna Abijan, har da 'ya'yan manyan 'yan kasuwa Hausawa, sukan ɗaura aure a unguwa, sannan su kai liyafa wani fili da ake haya a wajen gari. Irin waɗannan wurare suna da ciyawa da itatuwan kwakwa, wasu a bakin tafki, wasu a bakin teku, a wajejen Bingerville da Grand-Bassam da Assinie. Grand-Bassam, wadda ita ce hedkwatar farko ta mulkin mallaka daga 1893, tana da nisan kimanin kilomita 40 daga Abijan, kuma hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2012. Buɗe babbar hanyar mota zuwa can a 2015 ya sauƙaƙa zuwa.

Wurin yana da kyan gani, amma kyan wuri ba ya nufin kyan hoto. Ga abubuwan da mai ɗauka yake fama da su.

Na farko, lokaci. Mai tasowa daga Bromakoté zuwa Grand-Bassam sai ya ratsa Plateau, ya haye gada zuwa Treichville, ya wuce Port-Bouët. Cunkoson motoci kan iya cinye awa guda ko fiye. Abijan kuma tana kusa da tsakiyar duniya, saboda haka rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 zuwa 6:30 duk shekara, kuma da ta faɗi duhu ba ya jinkiri. Hasken da ya fi kyau ga fuska shi ne na bayan la'asar, wanda bai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba. Idan amarya ta daɗe wurin kwalliya, hasken nan ya tafi.

Na biyu, haske. Da tsakar rana, rana tana bisa kai, takan sa inuwa a ƙarƙashin ido da hula da ɗankwali. Bugu da ƙari, kyamarar da aka bar ta tana auna haske da kanta, idan ta ga farar babbar riga, ko shadda mai ƙyalli, ko ruwan tafki yana walƙiya a baya, sai ta rage haske. Sakamakon haka rigar ta fito sarai, fuskar mai ita kuwa ta dushe. Maganin wannan shi ne a auna haske da fuska ba da tufa ba, a tsayar da mutane a inuwa, a kuma yi amfani da farin allo mai mayar da haske zuwa fuska.

Na uku, sauti. A fili babu bangon da zai tare iska, iskar teku kuwa tana shiga makirufo ta yi ta huci. Ga janareto yana ruri a gefe. Dattijon da zai yi wa amarya nasiha ba ya ɗaga murya. Saboda haka akan maƙala masa ƙaramin makirufo a wuyan riga, bayan an nemi izininsa, ko a jawo sauti kai tsaye daga na'urar masu lasifika.

Na huɗu, laima. Abijan tana da damina biyu: babba daga Mayu zuwa Yuli, ƙarama a Oktoba da Nuwamba. Ko ba a ruwa, iskar garin cike take da danshi. Idan aka fito da kyamara daga ɗakin amarya mai na'urar sanyi zuwa waje, gilashinta yakan yi gumi, hoto ya yi hazo har na 'yan mintuna. Wanda ya san haka yakan ajiye kyamara ta biyu a waje tun da wuri.

Na biyar, ƙaramin jirgin nan maras matuƙi da ake ɗaukar hoto da shi daga sama. Masu biki suna son sa domin yana nuna girman fili da yawan jama'a. Amma tashinsa yana ƙarƙashin dokar hukumar jiragen sama ta ƙasa, kuma filin jirgin saman Félix Houphouët-Boigny yana Port-Bouët ne, a kan hanyar Grand-Bassam. Ba ko'ina ake sakin sa ba.

Akwai wani bambanci da ya wuce na kayan aiki. Biki a lambu yana da ƙofa da mai gadi da adadin kujeru. Maƙwabciyar da ta yi kwana uku tana girki, da almajirin unguwa, da tsohon da ba ya iya doguwar tafiya, ba lalle su kai can ba. Idan bidiyon lambu kaɗai aka aika gida, mutanen ƙauye za su ga ciyawa da fitilu, amma ba za su ga fuskokin da suka sani ba. Shi ya sa iyali masu lura sukan ce a ɗauki wuri biyun duka.

6.0 Tacewa

Bayan biki mai bidiyo yakan zauna a gaban kwamfuta ya tace abin da ya ɗauka. A nan yana da iyayen gida iri biyu, kuma bukatunsu sun saɓa. Amarya da ƙawayenta suna son gajeren hoto na minti biyu ko uku, mai kiɗa, wanda za a sa a waya. Iyaye kuwa suna son cikakke, ko da zai kai awa uku.

Dalilin iyaye yana da tushe a al'ada. A Hausa kalmar biki ba shagali kaɗai take nufi ba. Tana kuma nufin gudummawar da mace ke kai wa 'yar uwarta ranar sha'ani, wadda za a rama mata idan nata ya zo. Shi ya sa ake cewa biki bashi ne. Bidiyo ya zama kamar littafin lissafi: wa ya zo, wa ya yi anko, wa ya yi liƙi, kuma da wace takarda. Idan mai tacewa ya yanke wata gwaggo domin hotonta bai fito da kyau ba, a wurinsa gyara ya yi, a wurinta kuwa an shafe ta daga dangi ne. Saboda haka akan haɗa shi da wani ɗan gida tun ranar biki, mai raɗa masa cewa wannan kawun amarya ne, waccan uwar ɗakin ango ce, kada a wuce su.

Akan ɗora waƙoƙi a kan hoton. Wasu na finafinan Kano ne, wasu kuma an biya mawaƙi ne ya yi su musamman da sunan amarya da ango. Sai dai ɗora kiɗa a kan addu'ar liman ko nasihar iyaye kuskure ne da manya ba sa yafewa.

7.0 Matsaloli uku

Matsala ta farko ita ce sirri. A zamanin kaset, ana kallon bidiyon biki a ɗaki ne, a cikin dangi. Matar aure da ta taka rawa a tsakar gida cikin 'yan uwanta mata ta san iyakar waɗanda za su gan ta. Yanzu guntun hoto ɗaya na iya fita Facebook ko TikTok, dubban mutane su kalla, wani lokaci ma mai bidiyon ne da kansa ya sa don tallar aikinsa. Irin wannan na iya jawo rikici tsakanin mata da miji. Hausawa sun ga ƙarfin wannan abu a 2007, lokacin da wani hoton sirri da aka ɗauka da waya ya bazu a Kano, har ya jawo aka dakatar da shirya finafinai na wasu watanni. A Kodebuwa akwai dokar kare bayanan mutum ta 19 ga Yuni 2013. Amma abin da ya fi doka saurin aiki shi ne a yi magana tun kafin biki: me za a ɗauka, wa zai riƙe asalin hoton, kuma an yarda a wallafa ko ba a yarda ba.

Matsala ta biyu ita ce ɗaukar bidiyo a matsayin takardar aure. Hoton ɗaurin aure yana nuna waliyyi da shaidu da sadaki, kuma yana da nauyi a gaban dangi da malamai. Amma a gaban hukumar Kodebuwa ba ya maye gurbin takardar ofishin magajin gari. Matar da aurenta na masallaci ne kaɗai, ranar da maganar gado ko fansho ta taso, kaset ba zai tsaya mata ba.

Matsala ta uku ita ce adanawa. Laimar Abijan tana sa zaren kaset ya yi funfuna ya manne. Kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera na'urar kallon VHS, ya daina a 2016. Faifan da aka kwafa a shago yakan karce ko ya daina karantuwa. Waya kuma takan ɓata ko a sace. Ke nan bikin da aka yi a shekarun 1990 yana iya ɓacewa tare da muryoyin dattawan da ke ciki, waɗanda da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Hanyar tsira ita ce a juye tsofaffin kaset zuwa kwamfuta tun ana samun na'ura, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, a rubuta shekara da sunan unguwa a kai.

8.0 Amfaninsa ga ɗalibin harshe

Bidiyon biki taska ce ga mai nazarin Hausa, domin magana ce ta yau da kullum, ba wadda aka rubuta aka haddace ba. A ciki za a ji karin harshen yamma, inda ake cewa amre ko arme maimakon aure. Za a ji kalmomin aro daga Faransanci, kamar lakwal, wato makaranta, a inda Bakano zai yi aro daga Ingilishi. Za a ji matasan da aka haifa a Abijan suna sauya harshe a cikin jimla ɗaya, daga Hausa zuwa Faransanci ko Julanci.

Za a kuma ji lissafin kuɗi irin na ƙasashen sefa, inda dala ɗaya take daidai da faran 5, jika ɗaya kuma faran 1,000. Idan maroƙi ya ce an ba shi dala ɗari, faran 500 yake nufi. Sannan ga addu'o'in biki, irin su “Allah ya ba da zaman lafiya” da “Allah ya kawo ƙazantar ɗaki”, da yadda ake kiran manya da Baba, Inna, Kawu, Gwaggo, Alhaji da Hajiya ba tare da kama suna ba. Sai dai ɗalibi ya tuna cewa wannan kayan iyali ne. Ba a amfani da shi a aji ko a bincike sai da yardar masu shi.

9.0 Kammalawa

An ga cewa bidiyon biki ya samo muhimmancinsa ne daga nisan da ke tsakanin Abijan da gida. Kayan aiki sun canja daga hoton kati zuwa kaset, zuwa faifai, zuwa waya. Wurin shagali ma yana canjawa daga titi zuwa lambu. Amma tambayar da tsohuwa take yi idan aka kunna mata hoto a ƙauye ba ta canja ba: wane ne wancan, ɗan wa ne, ina wance? Mai bidiyon da hotonsa ya amsa mata wannan tambaya, ba tare da ya tona asirin kowa ba, shi ne ya yi aikinsa.

Ma'anar wasu kalmomi

anko: tufafi iri ɗaya da dangi ko ƙawaye suke ɗinkawa don biki.
ci-rani: barin gida zuwa wani gari neman kuɗi, asali a lokacin rani.
funfuna: farin abu ko kore da laima ke sa wa kaya.
lefe: tufafi da kayan ado da ango yake kai wa amarya.
liƙi: manna wa mai rawa ko makaɗi kuɗi a goshi ko a jiki.
siga: kalmomin nema da bayarwa da ake furtawa wajen ɗaurin aure.
waliyyi: namiji daga dangin mace wanda yake da ikon ba da aurenta.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa ne suka jawo 'yan ci-rani zuwa Abijan tsakanin 1904 da 1950?
2. Me ya sa wani kaset da aka naɗa a Abijan yake fitowa ba kala a Kano?
3. Kawo matsaloli uku da mai bidiyo yake fuskanta a lambu, da maganin kowace.
4. Bayyana ma'ana biyu na kalmar biki, da dangantakarsu da aikin tacewa.
5. Faran nawa ne dala ɗari biyu? Dala nawa ne a cikin jika biyu?